Motar da Nake Tayarwa a Gangara

A shekarun da abin nan ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ina haya a saman tudu a Karmo tare da matata da yaranmu. Mutum ne ni mai zargi, ko biro na ba ka aro sai na bi ka da ido. Da na gaji da tsayuwar jiran motar haya, sai na kukkuta na sayi wata tsohuwar mota tokumbo mai shan gas, wadda ta zaga hannun mutane kafin ta iso nawa. Na rubuto wa mujallar nan ne domin abin ya daɗe yana cina a rai, kuma ban taɓa zama na ba wani labarin daga farko ba.

Motar lafiya lau take da rana, cutarta ta safe ce. In ta kwana sai in yi ta murza makulli tana gurnani har batir ya fara sanyi, sannan ta tashi da jijjiga da farin hayaki. Na canza batir, ba ta canza hali ba. Wani ya ce kik mai tayar da inji ne, wani ya ce fulogin da ke ɗumama inji ne ya mutu, wani ya ce gurɓataccen mai aka sayar mini. Na kai ta wurin wani bakanike a Apo, amma kafin in isa inji ya yi zafi, bakanike na taɓa makulli ta tashi fes, ta bar ni ina rantse-rantse. Bakaniken ya ce in bar ta ta kwana a garejinsa, domin irin wannan matsala sai da sanyin safiya ake kama ta, kafin kowa ya taɓa motar. Ni kuwa na sha jin yadda ake kwance kaya masu kyau a musanya su da ruɓaɓɓu idan mota ta kwana a gareji. Na yi masa murmushi na ce zan dawo, a raina ina cewa ba da ni ba.

Sai na samo wa kaina dabara. Layinmu doguwar gangara ce ta jar ƙasa. Kullum in ajiye motar tana kallon ƙasa, in bar ta a giya, in sa dutse gaban taya, tunda birkin hannu ya daɗe da zama ado. Da safe in janye dutsen, in taka kuloci ta gangara, in ta ɗauki gudu in sake shi a giya ta biyu, ta yi tari ta kama. A ƙarshen gangarar, inda layin ya karya kwana, akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, da kaskonta da bencin masu saye, da wannan sana'ar take riƙe da jikokinta. Takan ɗaga mini hannu tana dariya, tana kirana oga, wai motata ba ta farkawa sai ta ji ƙanshin ƙosai. Ni ma in yi dariya in wuce. Amma akwai abin da na gani na ƙi faɗa wa kowa. Wurin da injin ke kamawa kullum ƙara matsawa yake kusa da kaskon, kuma kafin ya kama birki yakan yi wani irin tauri a ƙafata. Matata ta hana yara shiga sai motar ta tashi, ta ce gabanta na faɗuwa. Na ce mata ta cika tsoro.

Bayan hutun sallah motar ta yi kwanaki ba a tayar da ita ba, kuma an kwana ana ruwa. Na murza makulli har batir ya mutu, sai na janye dutse. Da na saki kuloci, tayoyin suka ja a cikin caɓi, injin ko tari bai yi ba. Maimakon in tsaya, sai na sake taka kuloci don ta ƙara gudu. Na sake saki, shiru. Na taka birki na ji kamar na taka dutse, sitiyari ya ƙage, hon ya ƙi kuka. Na leƙo ta taga ina ihu ina salati. Masu saye suka watse, dattijuwar kuwa ta sunkuya tana hura wuta, ta ba ni baya. Kafin ta miƙe motar ta daki kaskon, tafasasshen mai ya kwaranye mata a hannu da ƙirji, sannan motar ta faɗa kwalbati ta tsaya. Har yau ina jin ƙarar da dattijuwar ta yi.

Allah ya yi da sauran kwananta, amma yatsun hannunta na dama sun ƙanƙance, ba sa riƙe komai. Danginta sun so a kai ni wurin 'yan sanda, ita ta hana, ta ce ƙaddara ce. Aka ja motar zuwa Apo ta kwana. Da safe aka gano wani ɗan tiyon mai ne ya tsage, iska na shiga cikin dare, man ya koma tanki. Kafin in gama shan shayi an canza shi. A nan na ji cewa birkin irin wannan mota da ƙarfin inji yake aiki, in inji na kashe to ƙafarka kaɗai ta rage maka.

Na koyi cewa dabarar da mutum yake yi wa lalura kullum tana sa ya manta lalurar tana nan tana girma. Don Allah duk mai motar da ke gardama da safe, ya bar ta ta kwana inda za a duba ta, in ma yana tsoron ɓarayi ya je ya kwana a cikinta. Kada ya saki motar da injinta ke kashe a kan hanyar da mutane ke neman abinci. Ina zuwa gaishe da dattijuwar nan lokaci zuwa lokaci, kuma babu zuwan da ba na fitowa da nauyi a zuciya. Zuwana na ƙarshe ta ɗebo mini ruwa da kanta, ta miƙo kofin, ta ce in yi haƙuri da ta ba ni da hagu.