Na Ɓoye Wa Maigidana Maganinsa A Cikin Kunu

Ni mace ce da kowa ya san bakinta a ƙauyenmu, kusa da Mai Wurno. Ban taɓa cin bashin magana ba, ko a kasuwa ko a bakin hawasha, gonar da muke noma. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin manya, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna.

Maigidana wanzami ne, ya gaji ƙaho wurin ubansa, har Larabawa daga Sinnar suna zuwa ya yi musu. Wata shekara zazzaɓi ya kai shi shifahana, wato asibiti, hakim, likitan wurin, ya auna shi ya ce yana da hawan jini, dagat kamar yadda muke cewa nan. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce kullum zai sha har ƙarshen rai. Muna isowa gida ya jefa su kan rumfa. Ya ce idan jini ya yi yawa shi ya san hanyar fitar da shi, kuma ranar da aka ga wanzami da ƙwaya ranar sana'arsa ta mutu. Na ce masa a aji an koya mana wannan ciwon ba ya jin ƙaho. Ya yi dariya ya ce malamar jiya, wadda har yanzu take bin layi da yatsa. Maganar ta kashe mini jiki. Ni da nake tsaya wa maza a kasuwa, sai na fara shakkar abin da na sani.

Na ɗauko ƙwayoyin na riƙa daka su ina zubawa cikin kununsa na safe, in sun ƙare in hau hafila, motar haya, in sayo. Ciwon kai ya bar shi, jiri ya tafi. Ya riƙa buga ƙirji a majalisa yana cewa ƙahon da ƙaninsa ke yi masa a ƙeya ne ya warkar da shi. Ina ji ina shiru, har ina jin daɗin wayona.

Sai 'yata ta haihu a Kamlin, haihuwar fari, dole in je in zauna mata har arba'in. Na ja matar ɗana gefe na nuna mata yadda nake yi. Ta ce Inna ki rufa mini asiri, in aka kama ni ina barbaɗa wani abu a abincin surukina, wa zai yarda magani ne? Gaskiyarta ce. Na tsaya gaban maigidana da safen tafiya, maganar tana bakina, ya ce Hajiya ki yi sauri mota za ta cika. Na fita ban faɗa ba.

Ban kai arba'in ɗin ba aka kira ni. Ya faɗi yana tsakiyar aske wa jariri kai ranar suna, Allah ya tsare yaron. Na same shi baki a karkace, hannun dama ya mutu. Likita ya tambaye ni ko yana shan magani. Na ce yana sha, amma bai sani ba, kuma tun da na tafi babu mai ba shi. Ya ce yanke maganin farat ɗaya na iya jawo haka.

Yanzu ni nake ba shi abinci a baki. Da maganarsa ta ɗan dawo na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, ya juya fuska ga bango ya ce da na bar shi ya ji ciwon kansa, da ya koma wurin hakim da ƙafarsa.

'Yan'uwana mata, mai wannan ciwo dole ya san yana da shi, ya san abin da ke riƙe da shi, ya sha da hannunsa. In kin san gaskiya ki faɗa, ki sake faɗa, ko za a yi miki dariyar karatu. Ni na zaɓi zaman lafiyar gida, ga shi nan kullum ina ɗaga masa hannun da ba ya ɗaguwa.