Ranar da Na Shuka Bawa a Gonata

Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara leƙowa a gemuna, na shiga ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu, nan kusa da Gangara. Ba neman aikin buro, wato na ofis, ya kai ni ba. 'Yata ce ta yi aure can wajen Gidan Sori, tana aiko mini da saƙo a rubuce, don salular da muke riƙe da ita a lokacin ba ta ɗaukar murya. Sai in kai wa telan garinmu ya karanta mini, tunda shi ya yi lakol, wato boko, har ya taɓa zama a Agiye. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi kekensa gudu. Kafin in iso gida, masu shan shayi sun riga sun san 'yata na fama da ciwon haƙori.

Wata ƙungiya ce ta buɗe ajin. Su suka kawo allo da littattafai, su ke biyan malami. Ana buɗewa bayan an kai hatsi rumbu, a rufe kafin ruwan farko, a zuba littattafan a akwati a tafi da su. Ni dai ba na cikin masu kaifin kai. Abin da na tara da rani, damina ke wanke shi tas. Manyan abokan gabana kuwa haruffa biyu ne, "b" da "d". Ɗaya ya tura tumbi gaba, ɗaya ya tura baya, ni kuma kullum sai in manta wane ne wane. Tabarma ɗaya muke zama da abokina, wani Bafulatani da ke ruga bayan gari. Yakan ce shanunsa duk kama ɗaya suke a idon Bahaushe amma bai taɓa rikita su ba, sai waɗannan tagwayen.

A rani na uku, malaminmu ya same ni ƙofar gida ina gyaran zana. Sa'an ɗana ne, mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Baba, baƙi za su zo daga Maraɗi su duba ajinmu. Za su gwada karatun mutane, su ga ko aikin ya yi amfani."

Na ce, "Madalla. Sai in sa a wanke mini riga."

Ya yi ta juya makullin babur a hannu. "Baba, da ka huta a gida ran nan. Kai da mutumin ruga da wasu kaɗan. Mun yi magana da mai gari, tela da mai kanti za su zauna wurinku."

"Su zauna a matsayin mi?"

"Ɗalibai mana. Baba, in baƙin nan sun ga ba a iya ba, rufe ajin za su yi. Ni in rasa aiki, ku ku rasa karatu."

Da na shiga gida na gaya wa matata, sai ta ce, "To ka zauna mana, malam, kai ma ka huta da jin kunya gaban baƙi."

Na ce mata, "In sun ga ba mu iya ba, su rufe. In kuma sun ji tela yana zuba karatu kamar rediyo, mi za su ce? Su ce garin nan an gama, a kwashe allo a kai gaba. Ko ta ina rufewa ce. Gara a rufe shi a kan rashin iyawata da a rufe shi a kan karatun tela."

Ta ce, "Taurin kan nan naka da ya koma karatu, da yanzu kai ne gwamnan Maraɗi."

Ranar da suka zo, an share rumfar ajinmu an yayyafa ruwa, an kawo wa mai gari kujera. Na sa rigata ta Juma'a, na ɗauki kaye da bik, littafin rubutuna da alƙalami, na tafi. Na tarar da tela zaune daidai wurina. Har tsohuwar riga ya sa don ya yi kama da wanda ya fito gona.

Na ce, "Matsa, malam tela."

Ya ce a hankali, "Haba, ai an ce ka yi tafiya."

Na ce, "Na dawo."

Baƙin su biyu ne: wata madam mai tabarau, da wani mutum da ke rubuta abin da aka ce. Ta fara kiran mutane gaban allo. Tela ya tashi, ya fara da inda-inda kamar yadda aka tsara, amma a tsakiyar layi ya manta, ya zarce da gudu har ƙarshe. Aka tafa masa. Sai ta ce, "Wa kuma?" Na ɗaga hannu. Malam ya ɗaga kai yana kallon rufin rumfa kamar a nan ya ajiye wani abu.

Ta rubuta layi ɗaya, ta miƙo mini sanda. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarfafa murya na ce, "Na... shuka... bawa... a gonata."

Ashe "dawa" ta rubuta. Rumfar nan kamar ta faɗi don dariya. Mai kanti ya ce, "In ya tsiro ka sammana iri!" Ita ma madam sai da ta cire tabarau ta goge ido. Ni dai ban koma na zauna ba. Da dariya ta lafa, ta tambaye ni, "Baba, tun yaushe kake ajin nan?"

Na ce, "Wannan ne ranina na uku, kuma ban taɓa fashi ba sai ranar jana'iza. Hajiya, a rubuta yadda na karanta, kar a gyara mini. Ba laifin malam ba ne, yaron nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ku kuke buɗe aji da rani, ku rufe da damina, ku tafi da littattafai. Wa ya taɓa shuka gero ya bar shi babu noma, ya dawo yana tambayar damma? An ce kun zo ku ga buƙatarmu. To ga ta tsaye gabanki. Irina sun fi yawa a ajin nan, yau dai suna gida suna hutawa."

Mai gari ya yi gyaran murya irin wadda ke nufin ya isa. Sai muka ji magana daga bayan zana: "Ba duka ne ke gida ba." Abokina ne, ashe tun ɗazu yana laɓe yana saurare. Ya shigo da sandarsa, ya ce da Hausarsa ta ruga, "Ni ma a rubuta ni. Bawa na gani a allon nan, kamar yadda shi ya gani."

Madam ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi mana alkawari ba. Ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, amma za ta kai maganar yadda ta ji ta. Ta nemi a kira waɗanda ke gida, aka kira su, ta gwada kowa.

Bayan tafiyarsu na sha magana. Mai gari ya ce na kwance wa gari zane gaban baƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen aro ne, dama za a zo karɓa." Malam kuwa ya daina tsayawa ƙofar gidana. In mun haɗu a masallaci, gaisuwa ce a taƙaice. Wannan ya fi komai yi mini zafi, don na san abincinsa na sa a tsaka mai wuya. Amma ko sau ɗaya ban je na ce a yi haƙuri na yi kuskure ba.

Amsa ta zo dab da shuka. Ba su ba mu duk abin da muka so ba: ba za su biya malami da damina ba. Amma ba su rufe ajin ba, sun ce za a sake buɗewa rani mai zuwa, kuma allo da littattafai su zauna a gari. Mu muka shirya sauran. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da yake ba mai komawa gona, sai mu taru a rumfa mu yi bita. Juma'a ta farko mu kaɗai ne, makaho na jan makaho. Daga baya sai ga malam ya jingine babur, bai kalle ni ba, ya ɗauki alli ya zana "b" da "d" manya-manya. Ya ce, "Mai shuka bawa, taso." Na taso.

Sunan nan ya bi ni har yau, ko a kasuwar Gangara a kira ni da shi amsawa nake. Tun daga lokacin baƙi iri-iri sun zo garinmu da tambayoyi, kan rijiya, kan asibiti, kan taki. Kullum akwai mai cewa a faɗa musu abin da zai yi musu daɗi. Ni kuwa na riga na ga cewa wanda ya zo auna ka, in ka tura masa wani ya hau sikeli, kayan da za a ɗinko ba naka ba ne. Har yanzu in za a zo, malam yakan ce, "Baba, don Allah a hankali." In ce masa to, in je in faɗi abin da ke akwai.

Wata safiya bayan kaka, salula ta yi ƙara ina ba awaki harawa. Na zauna bakin rumbu na bi saƙon 'yata da yatsa, na maimaita don kar tagwayen nan su yaudare ni: "Baba na sauka lafiya, ɗiya mace." Na sa hula na nufi rumfar tela. Yana ganina ya miƙo hannu don ya karɓi salula kamar yadda ya saba.

Na ce, "Bar ta a aljihu, malam tela. Yau ni na zo ba ka labari."