Yadda Muka Tayar da Mai Aski Daga Gadon Asibiti

Yayana mai aski ne. Shekara talatin yana tsaye a bayan ƙeyar mutane, a shago mai kujera ɗaya da madubin da ya tsage a gefe. Ko abinci a tsaye yake ci. Jininsa ne kawai malalaci: garkuwar jikinsa ta juya masa baya, tana sa jinin daskarewa a cikin jijiya. A haka ƙodojinsa biyu suka ajiye aiki.

Ni na ba shi tawa guda. Na ce, "Yaya, ka riƙe ta da mutunci, ba ta saba wahala ba."

Tun kafin aikin dashen, likita ta gaya mana gaskiya. Ga mai irin ciwonsa, gudan jini ɗaya ya isa ya toshe jijiyar sabuwar ƙodar a kwanakin farko, shi ke nan an yi asararta. Za a ba shi maganin tsinka jini, shi kuma ya tashi da wuri ya riƙa takawa.

To, mu a gidanmu mara lafiya ko cokali ba ya ɗagawa. Babbar yayarmu ta tare gefen gado, matarsa ta tare ɗayan. Da nas ta zo tayar da shi sai su ce yanzu ya samu barci. Shi kuwa gogan ya ɗanɗana kwanciya, ya ji ashe da daɗi.

Na lallaɓo daga ɗakina, dafe da ɗinkina.

"Yaya, akwai wani dattijo a ɗakin ƙarshe. An yi masa gyaran fuska, layin goshin a karkace."

Ya buɗe ido ɗaya. "Ta wane gefe?"

"Hagu. Kuma sai yabon mai askin yake."

Ya sauko da ƙafa, ya kama ƙarfen ƙarin ruwa.

Babbar yayarmu ta harare ni. "Kai dai auta, ka kashe shi ka huta."

"Ƙodata nake ceto, Yaya."

Nas ta hana shi reza saboda maganin, ta bar masa mataji da almakashi. Sau uku a rana yake zagaya barandar, yana duba kawunan jama'a yana tsaki.

A rana ta shida likita ta juyo mana da allon na'urar hoto. Ga jini yana shiga ƙodar yana fita, babu abin da ya tare shi.

Babbar yayarmu ta gyara zama. "Ai jinyar da muka yi masa ce."