Nha Zulmira da Gajimaren Gabas

Kafin masunta su tura kwale-kwale, Nha Zulmira Evora ta riga ta hau ofishin duba yanayi da kwanon kacupa, dafaffen masara da wake, a hannu. Da damina idonta na kan gajimaren da ke baro gaɓar Afirka ya nufo tsibiran Kef Bad. Ta duba hoton tauraron ɗan adam, ta duba ɗumin teku da iskar sama, sannan ta faɗi ko zai watse ko zai dunƙule ya zama guguwa. Yawanci watsewa yake yi, kuma nan wahalar take. In ta hana fita ya watse, gidaje sun kwana ba kifi saboda ita. In ta yi shiru ya dunƙule, alhakin rayuka a wuyan wa? Wannan kayan ta ɗauka har furfura, ga shi bana ta ajiye aiki.

Har yau ana labarin ranar bikin waliyyar masunta, da ake sa mutum-mutuminta a jirgi a zagaya teku, mata da yara maƙil a kwale-kwale. Sama fes, ganguna na tashi, sai ga Nha Zulmira a guje: gajimaren ya fara juyawa. Fada, limamin coci, ya nemi ta ce e ko a'a: zai zo ko ba zai zo ba? Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, zai iya zuwa, zai iya wucewa. Nho Tuta, shugaban masunta, ya tuna mata bara da ta zaunar da su suna kallon rana.

"Ƙanwata, yanzu waliyyar ma sai ta nemi izininki?"

"Ban hana waliyya ba, Nho Tuta. Uwata ce dai ba za ta shiga ba."

Uwar tata ce mai ba da waƙa a jirgin gaba. Nha Zulmira ta shiga ruwa har gwiwa ta sauko da tsohuwa, tsohuwa na zaginta a gaban jama'a. Mata na ganin haka kowacce ta fisgo nata yaran. Nho Tuta ya yi ƙwafa, ya ce to a ɗauki jirgin waliyyar a kafaɗa. Haka aka zagaya gari da shi, ana kiɗa ana yi wa Nha Zulmira tsiya. La'asar ba ta yi ba teku ta tashi, ta cinye matsayar jirage ɗungum. Kowa na kan tudu.

Ke ce mai gadin gabas, Nha Zulmira. Da gajimaren nan ya watse, da waƙar zambo za a yi miki, kin kuma san haka kika shiga ruwan. Ba don kin dace muke gode miki ba, sai don ba ki ce kin sani ba alhali ba ki sani ba. Masu gadon kujerarki su koya: kafin su ce wa jama'a teku lafiya, su tambayi kansu ko za su sa uwarsu a jirgin.