Mushe Laminu da na'urar da aka ƙwace mana

Ranar Laraba bayan la'asar aka kira ni daga Maijirgi, aka ce Mushe Laminu ya rasu (Mushe muke ce wa malamin boko). Na yi salati, na zauna. Abin da ya fara zo mini shi ne haushin da na daɗe ina riƙe da shi a kan mutanen furoje, wato shirin tallafa wa makarantu, waɗanda suka rubuta a Yamai cewa malaman Tasawa ba su iya riƙe na'ura mai ƙwaƙwalwa ba.

Tare da shi muka koyar a lakwal, ni faransanci, shi lissafi. A zamanin nan intanet ta wayar tarho take bi, sai modem ta kira lamba ta yi ta kuka kafin ta kama. Furoje ya kawo mana na'ura ɗaya mai tsarin Linux, da sharaɗin in ba ta shiga intanet ba kafin damina, za a maida ta Maradi. Tamu takan kira, ta yi kukanta, ta yanke.

Mu duka muka ɗora wa layi laifi, don a garinmu kullum layi ne mai laifi. Aka canza waya. Aka sare reshen itacen bedin maƙwabcinmu da ke taɓa ta, har ya daina gaishe mu. Laminu bai hana ba, sai dai ya ja kujera ya saurari kukan modem sau da yawa, sannan ya ce mini: "Mushe, layi ba shi da laihi. Sun gama gaisawa da modem ta can, maganar ce tamu ba ta iya ba."

Ya nuna mini saƙon da ke fitowa a allo da turanci. Wanda ya shirya na'urar a Yamai bai saka sashen da ake kira PPP a cikin nuwayo ba, wato ƙwallon tsarin da kome yake dogara da shi. Maganin kuwa yana cikin intanet ɗin da muka kasa shiga. Na yi ta zagi. Shi bai taɓa zagin mutumin ba, ya ce wataƙila an gaggauta shi ne.

Ya hau mota zuwa Maradi inda akwai intanet, ya kwaso maganin a faya-fayan disket, zafi ya lalata wasu, ya koma. Ya sa na'urar ta sake gina nuwayon, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya fara daga farko. Da na ce ya bari, sai ya ce: "In mun bari, abin da suka ce a kanmu ya zama gaskiya."

Wata safiya modem ta yi kuka ta yi shiru, layi ya kama, shafi ya fara buɗewa a hankali. A makon nan motar furoje ta zo. Muka ce direba ya zo ya ga ta kama, ya ce shi ɗauka aka aiko shi, ba kallo ba. Laminu da kansa ya naɗe wayoyin ya sa a kwali don kada su lalace a hanya.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya Rabi maiɗakinsa da 'ya'yansu haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu biyu ne muka ga shafin nan ya buɗe a Tasawa. Yanzu saura ni kaɗai.