Jirgin da Ya Kai Kansa

Kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe akwati, in rufe, in fita ƙofar gida, in dawo. Ba abin da ke yawo a kaina sai jirgin Kaka.

A gidanmu na unguwar Ƙurban a Madina, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba Kaka takan hura gawayi a kasko ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta cika yi mana na Gizo ba. Ta fi son labarin jirgin ruwan da ya sauke ta Jidda tana amarya, wanda mijinta ya yi shekaru yana girki a cikinsa.

"Ku matso, jirgi zai tashi. Wanda ya makara ya biyo mu da iyo," haka take farawa.

Wai da ƙuruciyarsa attajirai yake ɗauka. Da ya manyanta aka bar masa alhazai, da ya tsufa tukuf aka sayar da shi ga masu fasa ƙarfe. Aka kwashe gadaje, aka cire fitilu, ko cokali ba a bari ba. Ranar tafiyar ƙarshe babu fasinja ko ɗaya, amma sai da ya busa ƙaho sau uku kamar kullum, don masu makara. Ba wanda ya zo. Kuma ba jan sa aka yi da igiya ba. Da injinsa ya tafi, da ya hango gaɓar da za a daddatsa shi aka ƙara masa wuta, ya hau yashi da ƙarfinsa.

A nan nake zabura in miƙe, don ni tun ina yaro ba ni da haƙuri. "Kaka, lesh? Don me bai gudu ba?"

"Zauna, mijin banza, kar ka ɓarar min da shayi. Ya gudu ina? Kowace tasha ta san shi, amma ba wadda ta taɓa ce masa sannu da dawowa. Shi dai kai mutane ne aikinsa."

Haushi nake ji sosai. Nakan ce da ni ne, wallahi da na juya.

A Madina aka haife ni, amma da iƙama, takardar zaman baƙi, nake zaune, kamar mahaifina. Shekara talatin ina tuƙa bas ɗin masu ziyara daga Harami zuwa masallacin Ƙuba. Yanzu shekaru sun ja, kamfani ya ce ba zai sabunta min takarda ba. Ranar Asabar zan tafi Kano, garin da ban sani ba sai a bakin Kaka. Rabuwa da aikin bai dame ni ba. Kaka na kwance a maƙabartar Baƙi'a, Baba ma haka, ni kuwa tsoro nake ji, don ban san ƙasar da za ta rufe ni ba.

Jiya aka ce in mayar da bas garejin kamfani. Na ratse ta Ƙuba, ba wanda ya aike ni. Na tsaya inda na saba tsayawa, na buɗe ƙofa, na danna hon sau uku. Na ɗaga kai na dubi madubi zan ƙirga kawuna, sai kujeru.

Na ɗan jira, ko da mai makara. Sannan na rufe ƙofa, na taka mai da ƙafata.