Maƙerin da Ya Dawo Karɓar Bindigarsa

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gidan kawuna a ƙauye, ina ɓare gyaɗa, sai ga wani tsoho a kan babur.

Ya ɗaure wani dogon kaya a baya, naɗe cikin buhu.

Bari in fara gabatar muku da mai gidan, Kawu Jatau.

Shi ne Sarkin Baka na garinmu, wato shugaban mafarauta. Mutum ne mai kirki da son baƙo. Amma in ya kafe a kan magana, gara ka je ka tura katanga.

Yana da bindigar farauta ƙirar gida, da takardar izininta da komai. Kullum da safe sai ya goge ta da mai, ya hura, ya sake gogewa. Matarsa Inna Kande takan ce da ita ake yi wa wannan kulawa, da tuni ta koma budurwa.

Ni kuwa ko kusa da bindigar ba na zama. Ɗan birni ne ni. Tayar mota ma in ta fashe sai na nemi wurin ɓuya.

Ranar Alhamis ce. Asabar za a fita farautar shekara, wadda garuruwa shida suke haɗuwa a yi. Bisa al'ada Sarkin Baka ne yake fara harbi, kafin nan ba wanda zai ɗaga tasa. Saboda haka duk makon Kawu ba shi da wata hira sai ta Asabar.

Da tsohon ya sauka daga babur, Kawu ya miƙe tsaye ya tare shi da hannu biyu. Ashe shi ne maƙerin da ya ƙera masa bindigar shekara biyu da suka wuce. Ban riƙe sunansa ba, kowa Baba Maƙeri yake ce masa.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa har da tambayar awaki.

Sannan tsohon ya ce a ɗauko masa bindigar ya gani.

Kawu ya kawo ta yana taƙama, kai ka ce jariri ya fito da shi ranar suna.

Tsohon bai yaba ba. Ya juya ta, ya sa babban yatsa ya shafa ƙarƙashin bututun. Akwai wasu ɗigo uku da aka buga a jikin ƙarfen, waɗanda ko Kawu bai taɓa lura da su ba.

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya zo ne ya tafi da ita.

Kawu ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya.

Tsohon ya yi bayani a hankali. Duk ƙarfen da ya samo, yana yi wa bindigogin da suka fito daga jikinsa alama iri ɗaya, don ya gane 'yan uwan juna. Masu ɗigo uku guda bakwai ne. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ta fashe a hannun mai ita a Rafin Ɗinya. Mutumin yana nan da ransa, amma yatsu uku na hannun hagu sun tafi.

Tun ranar ya rufe maƙera, ya hau babur yana bin ƙauyuka. Huɗu ya karɓo, su ne a cikin buhun. Ta Kawu ce ta gaba. Ya ce zai sake mata sabon bututu ya dawo da ita cikin mako uku.

Mako uku!

Nan Kawu ya sha mur.

Ya ce shekara biyu yana harbi da ita, ko tari ba ta taɓa yi ba. Ya ce labarin Rafin Ɗinya ya riga ya iso nan, kuma kowa ya san mutumin, mai nauyin hannu ne wajen ɗura albarushi. Shi kansa ya yarda laifinsa ne. To me ya haɗa wannan da bindigar Sarkin Baka, ana saura kwana biyu farauta?

Gaskiya ni ma a raina bayan Kawu nake. Na saba da masu aikin hannu na birni. Ka kai waya gyara, ta dawo da sabuwar cuta, ka koma, mai shagon ya dube ka kamar bai taɓa ganinka ba. Ban taɓa ganin wanda ya biyo mutum har gida don aikin da ba a kai ƙararsa ba. Sai na ce lallai akwai wata manufa a ƙasa.



Sai tsohon ya ce, ba laifin mutumin Rafin Ɗinya ba ne.

Ya ce tun zamanin mahaifinsa, ba bindigar da take barin maƙerarsu sai an gwada ta. A ɗaure ta a jikin bishiya, a sa doguwar igiya a kunama, wato ɗan ƙarfen da ake ja a harba, mutum ya koma nesa ya ja. Sau uku. In za ta fashe, ta fashe a jikin itace.

Amma a waccan shekarar lokacin farauta ya matso, mutane suna tsaye a kansa, kowa tasa yake so. Ya gwada biyu daga cikin bakwai, suka yi lafiya lau. Sai ya ce a ransa, ai ƙarfe ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ya miƙa sauran biyar haka nan.

Ta Rafin Ɗinya tana cikin biyar ɗin. Ta Kawu ma haka.

Ya ce ya je har gidan mutumin ya faɗa masa a gaban iyalinsa.

Ni da bakina ba ya iya shiru, na ce, “Baba, wa ya san ba ka gwada su ba?”

Ya ce, “Ni da Allah.”

Na ce, “To mutane sun riga sun ɗora wa wani. Me ya kai ka tona wa kanka asiri?”

Ya ɗago ya dube ni. “Ɗana, na iya ƙera bututu. Ban iya ƙera yatsa ba.”

Na rasa inda zan sa fuskata.

Kuna tsammanin Kawu ya miƙa bindigar? Ba ku san Kawu Jatau ba.

Jikinsa ya ɗan yi sanyi, amma ya ce shekara biyu na harbi ai sun fi gwaji uku. Suka yi ta ja, ba wanda ya ɗaga murya. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Za a yi gwajin da ba a yi ba, yau, a nan. In ta tsallake, ta kwana a gidanta.

Muka fita bayan gari, inda wata tsohuwar ɗorawa take a bakin busasshen rafi.

Tsohon ya ɗura ta da kansa, Kawu yana tsaye a kansa don kada a ce an yi mata mugunta. Ya ɗaure ta tam a jikin ɗorawar, bakinta yana kallon gangaren da ba kowa. Ya ɗaura igiya a kunama ya warware ta, muka sauka cikin rafin muka duƙa.

Ni na fi kowa duƙawa, wannan ba sai an faɗa ba.

Ya ja.

Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse. Muka leƙa. Tana nan yadda take.

Aka jira ta huce, aka sake ɗurawa. Ya ja na biyu.

Ko gezau.

Kawu ya fara karkaɗe rigarsa yana murmushi. Ya ce Baba Maƙeri ya ƙona man babur a banza, a zo a kwance masa kayarsa, rana tana yi.

Tsohon bai saki igiyar ba. Ya ce an ce uku.

Ya ɗura, ya dawo, ya duƙa, ya yi bisimilla, ya ja.

Ƙarar ta uku daban ce. Ko ni da ban san komai ba na ji bambancin.

Da hayaƙi ya lafa muka hau. Bututun ya dare kamar an tsaga rake. Ba a baki ya dare ba, ba a gindi ba. Daidai wurin da hannun hagu yake riƙewa. Wani ɓallin ƙarfe ya nutse cikin ɗorawar, sai da tsohon ya sa awartaki ya zaro shi.



Kawu ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

Na ji tsoro ƙwarai. Da ba don gwajin ba, harbin nan na uku a hannun Kawu zai tashi ranar Asabar, a gaban garuruwa shida. Kuma na ji kunya, don ɗazun nan nake zargin tsohon a raina.

Na ɗauka Baba Maƙeri zai ce, ka gani? Bai ce ba. Durƙusawa ya yi yana tsince gutsattsarin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, don kada dabbar wani ta taka.

Kawu ne ya fara magana. Ya tambaye shi saura nawa.

Saura ɗaya. Tana hannun wani maharbi Gwadabe a Unguwar Kanya. Sau biyu tsohon yana zuwa, sau biyu ana sallamarsa daga bakin zaure. Gwadabe ya ce tasa lafiyarta ƙalau, kuma da ita zai fita ranar Asabar.

Kawu ya kwance fasasshiyar bindigar da hannunsa, ya naɗe ta a mayafinsa. Ko gida bai shiga ba, ya ce in gaya wa Inna Kande kada ta jira shi da abinci.

Ya haye bayan babur ɗin tsohon, Kawun da ko a motar haya ba ya yarda ya zauna a baya.

Ya ce, “Mu je, Baba. Gwadabe ba zai kore ni ba. In ya ƙi jin bakina, ya duba wannan.”

Bayan la'asar suka dawo da ta bakwai.

Darasi:

Duk mai aiki yana kuskure, wannan ba labari ba ne. Abin tambaya shi ne me kake yi da kuskuren da kai kaɗai ka sani, musamman in an riga an ɗora wa wani. Ka koma ka gyara tun yana jikin itace, kafin ya isa hannun mutum.

Kai kuma da aka biyo har gida aka ce kayanka yana da matsala, kada ka ce ai bai taɓa ba ka kunya ba. Ta Kawu ma sau biyu tana tsallakewa a gaban idona.

In kana da makaniki, ko mai haɗa wutar gida, ko magini a cikin wayarka, tura masa wannan. Amma ka fara karantawa kai ma sau biyu.